Karta: Sa'a Ce ko Iyawa?

Akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo a majalisun ƙasarmu, tun daga bakin tashar Batsari har zuwa teburan masu shayi na Safana da Runka, kuma har yau ban ji ranar da aka kashe bakinta ba. Gardamar kuwa ita ce: mutumin da ya zauna karta ya tashi da kuɗin jama'a, shin sa'a ce ta ba shi, ko kuwa iyawarsa ce? Dattijo zai ce maka sa'a ce tsagwaronta, ai Hausawa ma sun ce sa'a ta fi manyan kaya. Saurayi kuwa sai ya yi tsalle ya dire, ya ce, "Haba Baba, in sa'a ce, mi ya sa kullum wane ke ci?" Haka za a yi ta yi har shayi ya huce, kowa ya kama gabansa da ra'ayinsa.

To, kada ka ɗauka wannan gardama ta kashe lokaci ce kawai, akwai wata magana da ke kwance a ƙarƙashinta. Saurayin nan da ke rantsuwa yana cewa iyawa ce, hujja yake nema. Abin da ke bakinsa shi ne: in dai da ƙwaƙwalwata na ci, to ai gumina ne, sana'a ce kamar ɗinki ko tireda, babu mai ikon kirana ɗan caca. Watau so yake iyawa ta zame masa sabulun wanke kuɗin. Wannan ita ce tambayar da nake so mu zauna mu duba ni da kai: shin iyawa tana wanke caca?

Bari in faɗi nawa tun da wuri, don kada in yi ta jan ka. Ni dai a ganina dattijon bai faɗi gaskiyar duka ba, domin kuwa akwai iyawa a karta, wanda ya ce babu bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Amma saurayin ya fi shi nisa da hanya, domin iyawar nan da yake tinƙaho da ita, ita ce ƙugiyar da ta maƙale masa a maƙogwaro.

Kartar da aka fi yi a wajenmu ita ce wot, wadda asalinta daga Ingila ta zo, aka yi mata rajista a can a shekarar 1935. Ƙwaya 54 ce, mai zane iri biyar: ƙwallo, da dala, da kuros, da kafet, da tauraro, sannan ga wot ɗin kanta guda biyar mai lamba 20, wadda in ka jefa ta kai ke zaɓen zanen da za a bi. In ka jefa 2 abokin wasa ya ɗauki biyu, in 5 ce ya ɗauki uku, in 14 ce kowa ya je kasuwa, watau ya ɗauki ɗaya daga tarin da ke tsakiya. Wanda ya riga ƙarar da na hannunsa shi ya ci. Ka ga a nan akwai abin da ba ya hannunka, shi ne abin da rabo ya ba ka. Akwai kuma abin da ke hannunka, shi ne ka riƙe lissafin abin da ya fita, ka san lokacin da za ka ɓoye 20 da lokacin da za ka sake ta, ka kuma karanci fuskar na gabanka sa'ad da ya je kasuwa ya dawo.

A shekarar 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, Jihar Katsina ta bi sahun jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, caca kuwa tana daga cikin abin da aka hana. Saboda haka masu yi sai suka koma lungu, suka kuma sake wa abin suna, suka ce gasa. Yadda ake yin ta a shekarun da nake ba da labari shi ne, mutum 16 za su haɗu a wani kango ko zauren da ba a kwana, kowa ya zuba ₦1,000, kuɗi ya zama ₦16,000. Mai wuri ya cire la'adarsa ta kashi 10 cikin 100, watau ₦1,600, don shi ke kawo karta da fitila da tabarma, shi ke kuma sa yaro gadi a bakin hanya. Sai a yi ta karawa biyu-biyu, wanda aka ci ya fita, 16 su koma 8, su koma 4, su koma 2. Zakara ya ɗauki ₦10,000, na biyu ya ɗauki ₦4,400, sauran 14 ɗin kowa ya karkaɗe rigarsa.

Ni ba ɗan wasa ba ne, tireda gare ni. Amma Allah Ya haɗa ni maƙwabtaka da wani tela, shagonsa jikin nawa, yaro mai hannu, wanda in ya yanka maka kaftani kai ka ce a jikinka aka halitta shi. Tun yana yaron shago yake kawo mani ajiyar kuɗin ɗinkinsa, ni kuwa al'adata ce duk abin da ya shigo ko ya fita sai na rubuta a littafi da ranarsa. A farkon 2015 wani abokinsa ya ja shi kallon gasa, aka rasa mutum ɗaya, aka ce ya cike. Ɗan koyo ne, wot ɗin da ya sani ta cikin gida ce da ƙannensa. Aka yi karo huɗu, ya ci huɗun nan duka. Da safe sai ga shi ya faɗo shagona, ido jajir don rashin barci, baki har kunne, ya ce, "Yaya, ashe wahalar banza nike sha! Kuɗin kaftani goma a dare ɗaya, ina zaune!" Na ce, "Ƙanena, bi sannu, kallon kitse kake wa rogo." Ya yi dariya ya ce ai shi ɗan Batsari ne, ba a koya masa sanin rogo.

Ka lura da wannan, mai karatu. Babu masifar da ta fi faɗa wa ɗan koyo kamar ya ci a ranar farko. Da cinye shi aka yi, da ya yi tsaki ya ce wannan aikin banza ne, ya koma kan kekensa. Amma da ya ci, sai zuciya ta raɗa masa cewa yana da wata baiwa da sauran 15 ɗin ba su da ita. Daga ranar nan ya shiga hawa da sauka. Wani makon ya fita tun a karon farko, ya dawo yana zagin rabo. Wani makon ya kai na biyu, ya sayo wa yaran unguwa alewa. Ya fara hawa mashin zuwa Safana, wani lokaci har Dutsin-Ma, duk inda ya ji an haɗa zubi. Kuma gaskiya ya ƙara gwanancewa, har kartagai da suka daɗe a harkar suka san da zamansa.

Abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne yadda yake ba da labari. Ranar da ya ci, sai ka ji, "Na karance shi, na san ba ya da kafet, na ɗaure shi." Ranar da aka ci shi kuwa, sai ka ji, "Karta ce ba ta zo ba, haka Allah Ya ƙaddara." Watau nasara tasa ce, faɗuwa ta ƙaddara ce. Manomi na gari akasin haka yake yi: in gona ta yi kyau ya ce Allah ne Ya ba shi, in ta lalace ya koma ya duba inda ya yi sakaci. Ɗan karta shi ya juya wa tawakkali riga, ya sa ta a bai-bai.

Da shekara ta zagayo, wata rana yana cika baki a gaban mutane cewa karta ta fi masa ɗinki, sai na bari aka watse, na kira shi, na buɗe masa littafi. A shekarar nan ya shiga gasa sau 40, zubinsa ya kama ₦40,000. Ya zama zakara sau uku, ₦30,000 ke nan. Ya zo na biyu sau biyu, ₦8,800. Jimlar abin da ya ci ₦38,800. Ka ga tun a nan ma da giɓin ₦1,200, ba a sa kuɗin man mashin da shayi da taba ba, waɗanda suka haura ₦20,000, ba a kuma sa safiya 40 da ya kwana a kan keke yana gyangyaɗi ba. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Yaya, anya ba ka tsallake wasu ba?" Ban tsallake ko ɗaya ba. Shi ne dai zuciyarsa ta riƙe darare biyar ta zubar da 35. Ita zuciya haka take, ba ta iya riƙon littafi ba, ranar daɗi take rubutawa da alƙalami, ranar baƙin ciki da yatsa a kan rairayi.

Yanzu bari mu ɗan yi lissafi, ba mai wuya ba ne, ɗan firamare ma zai iya. In dukan mutum 16 ɗin nan ƙarfinsu ɗaya, to kowa zai zama zakara sau ɗaya ne a cikin 16, kuma tunda ₦14,400 kaɗai ke komawa hannun 'yan wasa, duk wanda ya zuba ₦1,000, a tsawon tafiya ₦900 ce ke dawo masa. Mai wuri kaɗai ne ba ya faɗuwa, shi da ko karta ba ya taɓawa. To, mu ƙaddara akwai gwani a cikinsu, wanda a kowace karawa goma yana cin shida. Kafin ya zama zakara sai ya ci karo huɗu a jere, kuma in ka buga lissafin za ka ga sau 13 ne kacal a cikin 100, watau kamar sau ɗaya a cikin takwas. Gwani ke nan fa! Shi kuwa wanda ke cin huɗu a cikin goma, sai ya shiga kusan sau 39 kafin ya ga zakara sau ɗaya. Abin ban dariya da ban tausayi shi ne, in ka bi mutum 16 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ka tambaye su, kowa zai rantse maka shi ne mai cin shidan. Wannan irin lissafi ma kansa a kan caca aka haife shi, domin wasiƙun da wasu masana biyu na Faransa, Pascal da Fermat, suka yi wa juna a 1654 kan yadda za a raba kuɗin zubi in wasa ya tsaya bai ƙare ba, su ne tushen ilimin. Shekara sama da 370 ke nan, amma ɗan caca bai yarda ya karanta ba.

Telan nan da ya ga littafi ya kama shi, sai ya sake dabara. Ya ce ai laifin wot ne, sa'arta ta yi yawa, amma a ƙasashen Turawa akwai kartar da ake kira foka, wadda mutane ke riƙe da iyali da ita, har ana nuna su a talabijin. Ya gani a wayarsa. To, gaskiya ne akwai ta, kuma ya kamata mu leƙa can mu gani, don maganar da muke yi a zauren Batsari ita ake yi a can, sai dai kuɗin sun fi yawa.

Ita foka da karta mai ƙwaya 52 ake yin ta. A irin wadda ta fi shahara, ana ba kowa ƙwaya biyu ya ɓoye, a shimfiɗa biyar a tsakiya a hankali, ana yi ana ƙara zubi. Wanda ya ga ba zai iya ba ya ajiye, kuma mutum na iya cin wasa da burga kawai, hannunsa babu komai, in dai ya tsorata na gabansa. Babbar gasarta ta duniya an fara ta a 1970 a birnin Las Vegas na Amurka, kuɗin shiga babban zagayenta kuwa dala 10,000 ne. A 2003 wani akanta ɗan shekara 27 daga jihar Tennessee, ɗan koyo kamar telanmu, ya sami kujera ta hanyar wata ƙaramar gasa ta intanet da ya shiga da abin da bai kai dala 100 ba. Sunansa Chris Moneymaker, kuma wani abin mamaki, ma'anar sunan nan nasa na gado ita ce mai yin kuɗi. Mutum 839 suka shiga, ya tashe su duka, ya ɗauki dala miliyan biyu da rabi.

Me ya biyo baya? Duk wani ɗan koyo da ke Amurka sai ya ce in akanta ya iya, ni me zai hana ni? A 2004 mutum 2,576 suka shiga. A 2006 suka kai 8,773. A 2024 har 10,112. A irin wannan gasa kuwa kamar kashi 15 cikin 100 ne ke fita da wani abu, sauran kashi 85 ɗin dala dubu gomansu ta tafi. Kowa ya san sunan akantan nan, amma wa ya san sunan mutum 838 da ya wuce ta kansu? Shi kansa bai sake cin babban zagayen ba tun daga ranar. Kuma ko a foka ɗin da ake ce mata wasan masu basira, in ka riƙe hannun da ya fi kowanne ƙarfi, watau as biyu, ka kara da mai wasu tagwaye na ƙasa da kai, sau ɗaya a cikin biyar shi zai ci ka. In kuwa sai ka tsallake irin wannan karo sau biyar a jere kafin ka kai gaci, to sau ɗaya ne a cikin uku za ka tsira, alhali kowane karo kai ke da gaskiya.

Sai ka ce to ai gwanin gaske dai yana ci. Yana ci mana. Akwai wani Ba'amurke mai suna Stu Ungar, wanda masana wasan da yawa ke cewa ba a yi kamarsa ba. Ya ci babban zagayen nan sau uku, a 1980, da 1981, da 1997, na ƙarshen ma dala miliyan ɗaya ne. Abin da ya ci a karta ya kai shi cacar wasanni da ta sukuwar dawaki da shan ƙwaya. A watan Nuwamba na 1998, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan nasararsa ta ƙarshe, aka tsinci gawarsa a wani ɗan ƙaramin masauki a Las Vegas, yana da shekara 45, abin da ke tare da shi kimanin dala 800 ne kacal. Ya iya karanta kowa a teburi, bai iya tashi daga teburin ba.

A nan ne nake cewa iyawa ita ce ƙugiya. Cacar da babu dabara a cikinta, irin ta jefa kwabo sama, mutum kan gaji da ita, don in an ci shi ba shi da abin gyarawa. Amma wadda aka gauraya da iyawa, kowace faɗuwa tana zuwa da alkawari. Ka dawo gida ka kwanta, ido biyu, kana cewa da na riƙe 20 ɗin nan zagaye ɗaya da na ci, mako mai zuwa ba zan sake ba. Ka ga faɗuwar ta zama makaranta, zubin ya zama kuɗin makaranta, makarantar kuwa ba a sauke karatu a cikinta.

To, mu bar wannan, mu ƙaddara ma telanmu shi ne gwanin, littafina ne ya yi ƙarya. Kuɗin wa yake ci? Wani dare a Safana ya kai ƙarshe da wani magidanci daga wani ƙauye na bakin Dajin Rugu, wanda ya sayar da rogonsa a ranar. Gasa ta ƙare, mutumin ya ce a ci gaba su biyu, a ninka. Tela ya gane mutumin nan in ya sami 20 sai ya gyara zama, saboda haka ya yi ta karanta shi kamar allo, har ya tashe shi tas. Wannan kam iyawa ce, babu mai musu. Ranar kasuwa ta zagayo, muna zaune bakin shago, sai ga mutumin ya wuce yana jan wata akuya, wata yarinya ƙarama na biye da shi tana kuka. Tela ya nuna mani shi yana dariya, ya ce, "Yaya, ga mutumina na rannan." Na ce, "Akuyar wa kake jin zai sayar?" Dariyar ta tsaya. Ya koma shago, ranar nan ban ƙara jin ƙarar kekensa ba sai bayan la'asar.

Ka ga inda maganar ta tsaya. In ba ka iya ba, ana cin ka. In ka iya, kana cin wanda bai kai ka wayo ba, kuma iyakar ƙwarewarka iyakar yadda za ka tatse shi. A kowace sana'a gwaninta alheri ce ga wanda ya zo wurinka: gwanin tela mai riga ke jin daɗinsa, gwanin maƙeri manomi ke jin daɗinsa. A teburin caca kaɗai ne gwanintarka take zama musibar wanda ya zauna da kai. Kartagi ba ya neman kartagi ɗan'uwansa, addu'arsa kullum Allah Ya kawo ɗan koyo mai kuɗin rogo a aljihu.

Na san abin da wani zai ce, don an sha faɗa mani. Zai ce, "Malam, ai noma ma caca ce. Ka binne iri ba ka san ko ruwa zai zo ba. Kai ma mai tireda kana saro kaya ba ka san ko za su karye ba." Wannan magana tana da kama da gaskiya, amma a duba. Manomin Batsari da ya dasa karan rogo ya yi kasada, haka ne, ga fari, ga dabbobi, ga faɗuwar farashi. Amma in Allah Ya ba shi, buhunan da za a loda a mota abu ne da a da babu shi a duniya, yanzu ga shi. Ɗan ƙwadago ya samu, mai mota ya samu, mai dafawa ta sayar da ƙuli da yaji ta samu, yaro ya ci ya ƙoshi, kuma babu maƙwabcin da gonarsa ta ragu don tasa ta yi kyau. A tabarmar karta kuwa, ₦16,000 aka zuba da dare, ₦16,000 ce da asuba, ko kwabo ba ta haifa ba, aljihu kawai ta sauya. Kasada ba ita ce caca ba. Caca ita ce farin cikina ya zama ba shi da wata hanya sai ta baƙin cikinka.

Shi ya sa nake ganin hikima a yadda Alƙur'ani ya bi da maganar. A Suratul Baƙara, aya ta 219, bai musanta cewa akwai ɗan amfani a ciki ba, sai dai ya auna shi da cutarwar ya nuna wadda ta rinjaya. A Suratul Ma'ida kuma, aya ta 90 da 91, da hanin ya zo, dalilin da aka ambata shi ne gaba da ƙiyayya tsakanin mutane da shagala daga salla. Ba a tsaya tambayar ko mai yin gwani ne ko ɗan koyo ba, don wannan ba ya canza aljihun da kuɗin suka fito.

Yadda ta ƙare da telanmu kuwa, ba sabon labari ba ne. Ya ce ƙaramin zubi ne ke ɓata masa lokaci, ya koma na ₦10,000. Ana saura mako biyu Babbar Salla ta 2016, shagonsa cike da shaddodin mutane da kuɗin kafin alƙalami, ya shiga dare uku a jere, aka ci shi a ukun. Na huɗu ya jinginar da keken ɗinkinsa don ya fanshe, garin neman gira ya rasa ido. Ya zo wurina neman rance na hana shi, na ce in abinci ne gidansa ke buƙata ga shago nan a auna, amma kuɗi a hannu a'a. Ya yi wata biyu ba ya gaishe ni. Wansa ne ya sayar da ragon layyarsa ya fanso keken, duk da haka yara da yawa a unguwarmu da tsofaffin kaya suka je idi. Keke ya dawo cikin kwana huɗu, amma masu kawo ɗinki sai da suka shekara biyu ba su gama dawowa ba.

Kada in yi maka ƙarya in ce wa'azi ne ya raba shi da gasa. Ya rage, ya koma, ya rage. Abin da ya ida kashe ta shi ne rashin tsaron da ya addabi Batsari da Safana, lokacin da bin hanya da dare ya zama sayar da rai, har ta kai a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomin nan da wasu maƙwabtansu. Kangayen suka watse. Amma kada ka yi murna da wuri, domin cacar ba ta mutu ba, ta koma cikin wayar da ke aljihun yaranmu, da sunan hasashen ƙwallo, kuma maganar ita ce dai ta jiya: "Ni ai na san ƙwallo, ba sa'a nike bi ba."

Ga wata jarrabawa da nake ba duk wanda ya ce shi iyawa ce ke kai shi. Muna da dara tun kaka da kakanni, rami 30, kowa da 'ya'ya 12, babu rabo, babu kasuwa, babu abin da ke ɓoye, ƙwaƙwalwa ce tsirararta a gaban jama'a. In gwaninta kake so a sani, ga fili nan gindin bedi, je ka zauna, ba ko sisi. Na ba tela wannan shawara, ya kuwa karɓa, yanzu haka yana cikin masu hannu a unguwarmu. Wata rana na tambaye shi yadda ya ji ta. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da daɗi, Yaya, amma gabana ba ya faɗuwa." Na gode masa da wannan gaskiya, don ta fi duk lissafin da na yi maka a sama. Ashe faɗuwar gaban yake saye da kuɗinsa, iyawa sunan da ya raɗa mata ne don ya ji daɗin faɗa a cikin mutane.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka sake zama a majalisa aka tayar da gardamar sa'a ce ko iyawa, ka ce masu duka biyun ne, sannan ka yi masu tambaya biyu. Ta farko, ina littafinka, wanda ka rubuta kowane dare a ciki, mai daɗi da marar daɗi? Ta biyu, wanda ka ci jiya, me aka dafa a gidansa yau? In ya amsa su ya kuma iya barci, to sai a bar shi da halinsa.

Allah Ya ba mu arzikin da babu hawayen kowa a cikinsa, Ya shirya mana zuri'a, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Ruma da ta Safana da sauran ƙasarmu baki ɗaya, amin. Wassalam.